Bairos da bakteriyar tekun ƙanƙara: wa ke cin wa, kuma ina kabon yake zuwa?

Abba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani bidiyo da ke yawo tun jiya, wai ƙanƙarar can ƙarshen duniya tana narkewa, kuma wai an gano ƙwayoyin bairos kusan dubu ɗari biyu a cikin ruwan waɗanda ba a taɓa gani ba, suna nan tafe, korona wasan yara ce a kansu. Gwaggona ta turo mini tana tambaya ko a daina sayen kifin ƙanƙara. Masu ilimin abin, don Allah a warware mana.

Bala Mai Shago: Wa alaikumus salam. Ka ce wa Gwaggo ta kwantar da hankalinta, tsadar kifin ta riga bairos hana mu ci.

Maman Hanan: Ni ma an turo shi guruf ɗin gidanmu, har da kiɗan tsoratarwa a ƙasa. Dokta Hadiza, kina kusa?

Dokta Hadiza: Ina nan. Abba, adadin gaskiya ne, abin da aka ɗora a kansa ne ƙarya. A 2019 mujallar Cell ta buga aikin wasu masana ƙarƙashin Matthew Sullivan na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka. Mafi yawan ruwan da suka yi aiki da shi wani jirgin binciken Faransa mai suna Tara ne ya ɗebo shi tsakanin 2009 da 2013, kuma a shekarar ƙarshen ne ya zagaya tekun Aktik, tekun ƙanƙara na ƙarshen arewacin duniya. Suka ƙirga jinsunan bairos 195,728, alhali waɗanda aka sani kafin nan 15,000 ne da 'yan kai. Ka lura, daga tekunan duniya baki ɗaya aka samo wannan adadi, ba daga ƙanƙara kaɗai ba. Abin da ya ba su mamaki game da Aktik shi ne yawan nau'o'in da ke wurin, domin an saba ganin halittu sun fi bambanta a wuraren zafi, suna raguwa in an nufi wajen sanyi. Sai ga Aktik ta ƙi bin wannan tsari.

Mafi yawan waɗannan bairos bakteriya suke kamawa, ba mutum ba, ba kifi ba. Masana na kiransu faj. Gwaggo ta ci kifinta, ta dai dafa shi da kyau, ta kuma kula da wanda ya narke aka sake daskarar da shi saboda ɗaukewar wuta. Wannan ne ke kai mutane asibiti.

Maman Hanan: To amma Dokta, ita ma korona ai an ce daga dabba ta tsallako. Me zai hana waɗannan su tsallako?

Dokta Hadiza: Tambaya ce mai kyau, Maman Hanan. Jemage da mutum duk dabbobi ne masu shayarwa, ginin ƙwayoyin jikinsu iri ɗaya ne, zafin jikinsu kusa da juna. Bakteriya kuwa wata duniya ce daban. Kafin bairos ya shiga ƙwayar halitta sai ya sami wani abu a bangonta da zai maƙale wa, kuma in ya shiga sai ya iya sarrafa kayan aikin da ke ciki su buga masa 'ya'ya. Faj ba shi da ko ɗaya a jikinmu. Da yawansu ma jinsin bakteriya ɗaya suke iya kamawa, wani lokaci reshe ɗaya na jinsin. Yanzu haka da muke magana akwai biliyoyin faj a hanjin kowannenmu, suna fama da bakteriyar da ke ciki, ba mu ma san suna yi ba.

Ga kuma zafi. Akwai wata bakteriyar Aktik da aka fi nazari, Colwellia psychrerythraea, ta fi jin daɗi a wajen digiri 8, kafin a kai 20 ta daina girma. Jikinmu 37 ne. Faj ɗin da ya dogara da ita ina zai sa kansa a jikin ɗan Adam?

Likita Isuhu: Salamu alaikum daga Maraɗi. Na goyi bayan Dokta, amma kada a ce babu komai, don in mun ce haka gobe a kawo mana labari na gaskiya mutane su ce mun ruɗe su. A 2016 a yankin Yamal na Saberiya an yi zafin da ba a saba ba, ƙasar da ke daskare ta saki, ciwon saifa ya ɓarke cikin barewarsu ta kiwo. Sama da 2,000 suka mutu, yaro ɗan shekara 12 ya rasu, aka kwantar da mutane da dama. Sai dai a lura da abu biyu. Ciwon saifa bakteriya ce da makiyayanmu suka sani tun kaka da kakanni, ba sabuwar cuta ba ce, kuma a ƙasa take kwana, ba a teku ba. Na biyu, an daina yi wa dabbobin rigakafi a yankin tun 2007. Ni a ganina wannan sakacin ya kai zafin laifi.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai aikin dabbobi, cututtuka daga wajenmu suke tafiya can. Murar tsuntsaye H5N1, wadda ta fara shiga Afirka ta Jihar Kaduna a 2006, wani reshenta ya isa tsibiran Jojiya ta Kudu a Oktoban 2023, ya kuma taka Antaktika kanta, nahiyar ƙanƙara ta ƙarshen kudancin duniya, a Fabrairun 2024. Tsuntsaye ne suka kai ta daga Kudancin Amurka.

Mustafa: In ƙara kan na Likita. A 2004 fasinjojin wani jirgin yawon buɗe ido a Alaska sun kamu da gudawa bayan cin ɗanyar kawar teku. Bakteriyar Vibrio parahaemolyticus ce, 'yar uwar mai kawo kwalara. Ba a taɓa samun ta ta kawo cuta a arewa haka ba, ta ƙara wajen kilomita 1,000 a kan iyakar da aka sani. Dalili, ruwan wurin ya haura digiri 15 a wannan bazarar. Wato masu cutar da mu 'yan ruwan ɗumi ne, ɗumamar ruwa ke buɗe musu hanya zuwa arewa.

Malam Tukur: Madalla da ku. Ni tsohon malamin jogirafi ne, taswirar wuraren nan na koyar da ita shekara da shekaru, amma abin da ke cikin ruwan ban san shi ba. Mustafa ɗana, kai da ke karatun teku, ka fahimtar da ni. Ruwan teku yana daskarewa a wajen digiri 1.8 ƙasa da sifili saboda gishiri. A lokacin sanyi iskar da ke kan ƙanƙarar tana kai 30 ko 40 ƙasa da sifili, rana kuma ta yi watanni ba ta fito ba. Me ke rayuwa a nan, har wani ya zo yana cin sa?

Mustafa: Baba Malam, sirrin yana cikin yadda ƙanƙarar teku ke haɗuwa. In ruwan teku zai daskare, zallar ruwan ne ke zama ƙanƙara, gishirin kuma a ture shi gefe. Sai ya taru cikin wasu ƙananan kafofi da hanyoyi a jikin ƙanƙarar, wasu ba su kai kaurin gashi ba. Ruwan da ke ciki ba ya daskarewa don gishirinsa ya yi yawa. Ruwan teku yana da gram 35 na gishiri a kowane kilo. A cikin kafofin nan, in sanyi ya kai 20 ƙasa da sifili, yana haura gram 200. Duk abin da ke yawo a ruwan lokacin daskarewa, bakteriya da bairos da gansakuka (ƙananan tsirran ruwa), a nan ake cusa su tare.

Saboda haka cunkoso ake yi. A wani aiki da aka buga a 1994, Roxane Maranger da abokan aikinta sun auna ƙanƙarar teku kusa da Resolute a arewacin Kanada lokacin bazara, suka tarar bairos ɗin da ke cikinta ya ninka na ruwan da ke ƙarƙashinta sau 10 zuwa 100. A buɗaɗɗen teku faj sai ya yi ta gararamba kafin ya ci karo da irin bakteriyarsa, sau da yawa hasken rana ya lalata shi kafin nan. A cikin kafar ƙanƙara kuwa suna jikin juna.

Yadda bakteriyar ke jurewa: bangonta tana gina shi da kitsen da ba ya sandarewa cikin sanyi, tana fitar da wani yauƙi da ke kewaye ta ya hana tsinin ƙanƙara huda ta, tana tara wasu sinadarai a cikinta don gishiri kada ya zuƙe mata ruwa. Sinadaran da ke narka mata abinci kuma masu laushi ne, suna aiki cikin sanyi, amma ɗumi kaɗan ke wargaza su. Akwai Psychromonas ingrahamii da aka samo daga ƙanƙarar teku kusa da Point Barrow a Alaska. Tana girma a digiri 12 ƙasa da sifili, sai dai kafin ɗaya ta rabu biyu sai ta yi awa 240. E. coli ta cikin hanjinmu minti 20 take yi in ta sami yadda take so.

Bala Mai Shago: Awa 240! Wannan ta fi ƙarfin haƙuri, ta shiga layin fansho.

Malam Tukur: Bala, ka kiyaye ni, ina cikin layin nan.

Abba: Hhhh. Amma Yaya Mustafa akwai abin da ban gane ba. In bakteriya na ɗaukar kwana goma kafin ta haihu, bairos kuma yana fasa ta, ai kafin sanyi ya wuce ya cinye su duka, shi ma ya mutu.

Dokta Hadiza: Abba, ka taɓo wurin da ya fi daɗi. Faj iri biyu ne a ɗabi'a. Akwai wanda in ya shiga bakteriya nan take yake karɓe ta, ya buga 'ya'ya gommai, ya fasa ta su fito. Akwai kuma mai dabara, wanda zai shiga ya liƙa DNA ɗinsa cikin na bakteriyar ya yi lamo. Duk lokacin da ta rabu biyu, da shi ake rabawa. Ba ya kashe ta, wani lokaci ma yana kare ta daga 'yan uwansa da ke son shiga, ko ya zo mata da wata baiwa da ya kwaso daga wata bakteriyar. Sai ranar da yanayi ya sauya ya farka ya fasa ta.

Jennifer Brum da abokan aikinta sun bi wannan a tashar Palmer ta Amurka, a gefen yammacin zirin Antaktika, aka buga a 2016. Farkon bazara, lokacin da abinci ya yi ƙaranci bakteriya ba ta motsi sosai, sai suka ga bairos masu yawo a ruwa kaɗan ne, amma da yawa suna kwance a cikin bakteriya. Da rana ta yi ƙarfi gansakuka ta yi yabanya, bakteriya ta sami abinci ta fara yawa, sai waɗannan na kwance suka koma fashe-fashe. Faj ɗin wurin mafi yawansu irin masu lamo ne, fiye da yadda ake samu a ruwan ɗumi.

Maman Hanan: Ta yaya aka san yana ciki tunda ya ɓuya?

Dokta Hadiza: Tsoratar da shi ake yi. Ana ɗiban ruwa kashi biyu, a zuba wa ɗaya maganin mitomycin C, wanda asibitoci ke amfani da shi a wasu nau'o'in kansa. Yana lalata DNA ɗin bakteriyar, faj ɗin da ke ciki ya ji gidan zai rushe sai ya yi maza ya fito. A ƙirga bairos a kwalaben biyu, bambancin shi ne na ɓoye. Ƙirgar kuma ana shafa musu rini mai ƙyalli ne da ke kama DNA, a duba a madubin bincike. Hanyar tana da rauni, don ba kowane faj maganin ke tayarwa ba, wasu bakteriyar kuma kashe su kawai yake yi. Shi ya sa yanzu ake haɗawa da karanta DNA kai tsaye.

Ku sani fa, wannan ilimi duka ba tsoho ba ne. An san faj tun 1915 da 1917, aikin Twort a Ingila da d'Hérelle a Faransa, amma an ɗauka ba su da yawa a teku. Sai 1989 masana huɗu a Jami'ar Bergen ta Norwe suka sa ruwa a maikuroskof na lantarki suka ga miliyoyi a mililita guda. Yau ana ƙiyasta cokalin shayi na ruwan saman teku yana ɗauke da wajen miliyan 50, kusan goma ga kowace bakteriya ɗaya. Curtis Suttle na Kanada ya ƙiyasta jimillarsu a teku da 1 mai sifili 30 a bayansa, kuma suna kashe wajen kashi 20 cikin ɗari na ƙananan halittun teku kullum.

Malam Tukur: Kullum? To ashe ɓarna ce tsagwaronta. Ina amfanin halittar da aikinta kisa?

Dokta Hadiza: Baba Malam, ba kisan kan mai uwa da wabi ba ne. Wani masani a Bergen ɗin, Frede Thingstad, ya yi bayaninsa a ƙarshen shekarun 1990. Tunda kowane faj da irin bakteriyarsa, kuma sai sun yi karo yake kama ta, to wadda ta fi kowa yawa ita ta fi shan duka. Duk jinsin da ya fi iya cin abinci ya fara mamaye ruwa, faj ɗinsa zai yawaita ya karya shi, sauran su sami wurin numfashi. Ba don haka ba da jinsi kaɗan ne za su cinye komai.

Likita Isuhu: Wannan kowane manomi ya san shi. Gonar da aka shuka iri ɗaya tun daga wannan kunya har waccan, in cutarsa ta shigo sai ta share ta. Wadda aka haɗa hatsi da dawa da wake, cutar ɗaya ba ta samun na gaba kusa da ita.

Maman Hanan: Dokta, wannan ya tuna mini da kwalara. A wajen aiki muna gani, ta taso da damina ta yi ɓarna, sai kuma ta lafa ko da ba a gyara rijiya ko ɗaya ba. Akwai hannun faj a ciki?

Dokta Hadiza: A Bangaladash an nuna hakan. Shah Faruque da abokan aikinsa a cibiyar binciken gudawa ta Daka sun buga a 2005 cewa in annobar ta yi tsanani, faj masu cin bakteriyar kwalara suna yawaita a ruwa da bahayar marasa lafiya, daga nan annobar ta fara sauka. Akwai wasu dalilan, kamar garkuwar jikin waɗanda suka warke da sauyin ruwan sama, don haka kada a jingina komai a kan faj. Kuma kada wani ya ji wannan ya fasa tafasa ruwa.

Bari in koma teku in amsa wa Baba Malam sauran tambayarsa, don a nan ne abin ya shafi kowa. Gansakukar teku tana zuƙar iskar kabon ta gina jikinta. In ƙananan dabbobi irin su kiril, wani ɗan ƙaramin jatan lande, suka ci ta, kifi da tsuntsu da manyan dabbobin ruwa su ci kiril, kashinsu da gawarsu su nutse, kabon ya tafi ƙasan teku ya yi ɗaruruwan shekaru. Amma in bairos ya fasa ƙwayar gansakuka ko ta bakteriya, abin cikinta narkewa yake yi a ruwa. Narkakken abu ba ya nutsewa, kiril ba ya iya cin sa, bakteriya ce kawai ke sha, ta numfasar da shi ya koma iskar kabon a saman ruwa. Wilhelm da Suttle ne suka tsara wannan bayani a 1999, suka ƙiyasta har kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kabon da gansakuka ke kamawa yana iya bi ta wannan hanya. Wato bairos yana karkatar da abinci daga bakin kifi da ƙasan teku, yana mai da shi ga bakteriya. Fargabata ita ce in ruwan ya ɗumama wannan karkatarwa ta ƙaru.

Mustafa: Anti Dokta, a nan zan ɗan saɓa miki, da girmamawa. Wannan hoton na 1999 rabin labari ne. Ba duk abin da ya fito daga fasasshiyar ƙwaya ke narkewa ba. Akwai mai danƙo, yana haɗa tarkace su zama dunƙule, dunƙulen kuma ya fi ƙwaya ɗaya saurin nutsewa nesa ba kusa ba. A 2016 Lionel Guidi da mutanen Tara sun duba wace halitta ce yawanta ya fi tafiya da yawan kabon da ke nutsewa, sai ga bairos a sahun gaba. A 2018 kuma Laber da abokansa sun bi yabanyar gansakukar Emiliania huxleyi a arewacin Atlantika, suka ga inda bairos ya kama ta an fi samun danƙo da nutsewar kabon. Saboda haka yana iya zama mai tura kabon ƙasa, ba mai hana shi ba.

Dokta Hadiza: Mustafa, na karanta duka biyun. Na Guidi a ruwan ɗumi marar abinci aka yi shi, ba a ƙanƙara ba, kuma tafiya tare ya nuna, bai nuna wa ya jawo wa ba. Yana yiwuwa inda ake yawan mutuwa da nutsewa nan bairos ke yawa don abinci ya samu. Ita kuma Emiliania tana da sulke na alli, nauyinta daban. Bakteriyar da ba ta kai maikuron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, in ta fashe, me zai nutse?

Mustafa: Na yarda game da ƙananan bakteriya. Amma ruwan ƙanƙara ba nasu ba ne su kaɗai. A tekun Ross na Antaktika da tekun Barents na arewa, gansakukar Phaeocystis ce ke yin yabanya mai faɗi, kuma ita a cikin yauƙi take zama, dubbai a dunƙule ɗaya. Tun 1996 aka ware bairos ɗin da ke kama ta a ruwan Norwe. Bakteriyar cikin ƙanƙara ma na faɗa ɗazu da yauƙi suke kare kansu. Ruwan da ke cike da danƙo haka, ni ina ganin dunƙulewa za ta fi ƙarfi a can fiye da wurare masu ɗumi.

Akwai kuma ƙarfe. Tekun Kudu, wanda ya kewaye Antaktika, yana da takin naitirojin da fosfaras har ya yi yawa, amma gansakuka ba ta cika shi ba don babu sinadarin ƙarfe. John Martin ne ya dage kan wannan a ƙarshen shekarun 1980, aka gwada a 1999 kudu da Ostireliya, aka zuba ƙarfe a ruwa, wurin ya yi kore har tauraron ɗan Adam ya hango. In bairos ya fasa bakteriya, ƙarfen da ke cikinta yana fita a yanayin da wasu za su iya ɗauka nan da nan. To a wurin da ƙarfe ne ke hana girma, mai sakin ƙarfe yana taimaka wa gansakuka ne ta ƙara zuƙar kabon.

Malam Tukur: Dakata, wannan na san gefensa. Ƙarfen da teku ke samu mai yawa daga ƙura ne. Ƙurar hunturun da ke toshe mana hanci, babban tushenta kwarin Bodele ne a arewacin Chadi, tsohon gindin tafki, ita ce ke ƙetarewa ta zuba a Atlantika har dajin Amazon. Tekun Kudu kuwa ƙanƙara ce ta rufe ƙasar da ke kusa da shi, ɗan abin da yake samu daga Patagoniya da Ostireliya yake zuwa. Ashe rashin hunturu ne ya talauta shi.

Bala Mai Shago: Baba Malam a ba su lambar waya, muna da ita har ta sayarwa, buhu-buhu.

Dokta Hadiza: Baba Malam ya faɗi daidai. Mustafa, batun ƙarfe na karɓa, amma ka tuna ƙarfen da aka saki bakteriya ma tana rububinsa, kuma ta fi gansakuka iya kamawa. Ba a ba wa mai kore shi kaɗai ba.

Ga abin da ya sa na ce ɗumi ya fi ba bakteriya riba. Tun 1986 Pomeroy da Deibel suka lura a gaɓar Newfoundland cewa a ruwan da ke kusa da sifili gansakuka na ci gaba da girma, bakteriya kuwa ta yi sanyi. Wato sanyi yana ba gansakuka rata, abincin ya isa bakin dabbobi ko ya nutse kafin bakteriya ta farga. Wasu suna ganin wannan na cikin dalilan da ruwan sanyi ke da arzikin kifi. In ruwan ya ƙara digiri biyu ko uku, ratar ta ragu.

Mustafa: Wannan ra'ayin ya sha suka, Anti. Kirchman da abokansa sun tattara awon da aka yi a tekunan ƙanƙara a 2009, suka ce ƙarancin narkakken abinci ya fi sanyi riƙe bakteriyar. In haka ne, to abin dubawa shi ne me ke ƙara musu abinci. A Aktik amsar a fili take: koguna. Ob da Yenisei da Lena daga Rasha, Mackenzie daga Kanada. Tekun Aktik wajen kashi 1 cikin ɗari ne na ruwan tekunan duniya, amma yana karɓar wajen kashi 10 na ruwan koguna, kuma kogunan nan ta kan daskararriyar ƙasar da ke narkewa suke bi, suna kwaso tsohon kabon. Ga ruwan Atlantika mai ɗumi da ke ƙara kutsawa ta Barents da nasa halittun.

Abba: Ni dai na ɓace a tsakaninku. Wa ya yi gaskiya?

Likita Isuhu: Ƙanena, ba gardamar a ci ko a faɗi ba ce. Hanyoyin biyu duk suna faruwa a ruwa ɗaya, wace ta rinjayi wata suke ja a kai.

Malam Tukur: Ni abin da nake so in ji, saurin sauyin nawa ne? Don in a hankali ne, halittu za su bi.

Mustafa: Ba a hankali ba ne, Baba. Masanan yanayi na Finlan sun nuna a 2022 cewa daga 1979 Aktik tana ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya. A Satumban 2012 ƙanƙarar tekun ta sauka zuwa murabba'in kilomita miliyan 3.4, kusan rabin abin da aka saba gani tsakanin 1979 da 2000. A Antaktika kuma Fabrairun 2023 ta sauka zuwa miliyan 1.79, mafi ƙanƙanta tun da aka fara aunawa da tauraron ɗan Adam. Bakteriya da faj za su bi, su masu saurin sauyawa ne. Wanda zai sha wuya shi ne mai dogaro da ƙanƙarar kanta, kamar 'ya'yan kiril da ke kiwo a ƙarƙashinta lokacin sanyi.

Sai dai in gyara wani abu kada a fita da shi a karkace. Ana cewa Tekun Kudu shi ke ɗaukar wajen kashi 40 cikin ɗari na iskar kabon ɗin ɗan Adam da teku ke shanyewa. Mafi yawan wannan ba aikin halittu ba ne, ruwan sanyi ne ke narkar da iska fiye da na ɗumi, sannan ya nutse da ita. Gardamarmu da Anti a kan ɗaya hanyar ce, ta masu rai.

Dokta Hadiza: Haka ne. Kuma abin da zai raba mu awo ne, ba baki ba. Kusan duk alƙaluman da muka ambata na bazara ne, lokacin da jirgi ke iya shiga, alhali rabin shekarar wurin duhu ne. Shi ya sa tafiyar MOSAiC ke da muhimmanci. Jirgin Jamus Polarstern ya bar kansa ya daskare cikin ƙanƙarar Aktik daga ƙarshen 2019, ya bi ta har 2020, ana ɗiban ruwa da ƙanƙara cikin duhun sanyi. Ni sharaɗina ɗaya ne, Mustafa. Kada ka kawo mini jerin DNA ka ce ga bairos, ga kabon, saboda haka shi ya tura. A rataya tarkon da ke tare abin da ke nutsewa a ƙarƙashin ƙanƙara, a auna yawan fashewar ƙwayoyi a samansa a mako ɗaya, a ga ko suna tashi tare.

Mustafa: Na karɓi sharaɗin, da ƙari ɗaya. A duba cikin tarkon ma, a ƙirga ƙwayoyin da suka nutse da bairos a cikinsu. A aikin Emiliania haka aka yi, an sami ƙwayoyin da suka kamu a ruwa mai zurfi, ƙasa da inda suke rayuwa. In aka sami irin haka a Phaeocystis ƙarƙashin ƙanƙarar Ross, Anti, shayi na wuyanki.

Dokta Hadiza: In ba a samu ba kuma kai za ka gyara mini takardun jarrabawar 'yan aji biyu, su ɗari uku ne.